Hayatu da Ƙayoyin Ƙwaƙwalwa

Hayatu ɗan gidan masu zayyana ne a Ƙofar Taramniya. Tun kakansa su ke ƙawata gefen Alƙur'ani rubutun hannu, kuma a gidan nan in layi ya karkace ko kamar kan allura, sai an sake. Zamanin soja, da kuɗin mai suka shigo, Alƙur'ani bugun inji ya cika kasuwa, sana'a ta yi sanyi ƙalau, ga iyali.

Ana nan sai wani Dakta Junaidu ya dawo daga karatu waje, ya buɗe ɗakin bincike, yana neman mai hannu. Ƙwaƙwalwar gafiya yake yankawa siririya kamar ɓawon albasa, ya rina ta da ruwan azurfa, ya sa a madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa. Ƙwayoyin jijiya na saman ƙwaƙwalwar sai su fito baƙaƙe, da rassa, kowane reshe cike da 'yan ƙayoyi. A kan ƙayoyin nan, in ji Dakta, jijiya ke haɗuwa da 'yar'uwarta ta karɓi saƙo. Yawansu da siffarsu yake son sani. Aikin Hayatu shi ne ya leƙa, ya zana abin da ya gani.

Kai, zane ya yi kyau, har baƙi ake nuna wa! Sai da damina ta wuce Dakta ya lura ƙayoyin Hayatu duk tsawonsu ɗaya, tazararsu ɗaya, na dama daidai da na hagu. A madubi kuwa wata doguwa ce, wata gajera mai kai kamar ƙusa, wani wurin fayau. Da Dakta ya tambaye shi, Hayatu bai musa ba. Shi a ganinsa rini ne ya yi kuskure, shi kuma ya gyara, yadda mai kwafa ke cike gurbin da gara ta ci a littafi. Aikin watanni ya tafi a banza.

Ran Dakta ya ɓaci, amma ya ba shi dama ta ƙarshe: reshe ɗaya, yadda yake, in ba haka ba sallama. Hayatu ya duƙufa har la'asar yana zufa, ya bi kowace karkatacciya da karkacewarta. Can ƙarshen reshen akwai ƙaya a dama, babu a hagu. Ya daɗe riƙe da alƙalami. Sannan ya ɗiga ta hagun.

Dakta ya dubi takarda, ya leƙa madubi.

“Malam Hayatu, wannan fa babu ta.”

“Na ga babu ta, Dakta. Hannu ne ya ƙiya.”

Hayatu ya goge alƙalaminsa, ya sa aljihu, ya fita neman motar gari. A gida bai gaya wa kowa ya rasa aikin ba sai ƙarshen wata.