Janaretan da Na Zaɓa wa Mai Gadin Gona

A shekarun da na yi a Kano, da kunne mutum ke sanin an ɗauke wuta. Kafin ka lura fanka ta tsaya, unguwa ta ɗauka da ƙugi, kowane gida da muryar injinsa. Haka na tarar a Legas, haka a Yamai, inda suke ce masa gurub, haka a Khartum, inda yake muwallid. Duk inda na sauka sai na ga mutane suna lallaɓa inji kamar tsohon jaki: a kashe firiji a kunna dutsen guga, a kashe talabijin a ja ruwa. A Riyad kuwa na shekara ashirin da wani abu a unguwar Badi'a, ban cika yatsun hannu ɗaya da ranakun da wuta ta yanke ba. Yaran da aka haifa mana a nan ba su san warin hayaƙin janareta ba. Ni na san shi, kuma na ɗauka wannan sanin ilimi ne.

Kafilina, Balaraben da iƙamata, wato takardar izinin zamana, ke hannunsa, ya sayi fili a wajen gari, can bayan inda turakun wuta suka ƙare, ya dasa dabino. Ya sa aka ajiye ɗakin ƙarfe, irin na kwantena, don mai gadi. Ni na kawo masa mai gadin: wani dattijo Badamagare da muke haɗuwa da shi a kasuwar Utaiƙa wajen masu kayan miya. Ya girme ni da kaɗan, yana da ciwon suga, kuma allurar da yake yi wa kansa sai an ajiye ta a sanyi. Tun ranar da ya ji ni Bakano ne ban sake samun lafiyar bakinsa ba.

"Bawana, ka zo gaida ubangidanka?" Haka yake tarbata.

"Wane ubangida? Wanda ya bar Damagaram saboda ƙishirwa ya zo ya faɗa wadda ta fi ta?"

Da maganar wuta ta taso, kafili ya dafa kafaɗata ya ce da Larabci, ku 'yan Najeriya ai ku ne malaman janareta, je ka sayo wanda zai isa. Na ji daɗin maganar fiye da yadda ya kamata.

Na zauna da takarda na yi abin da na saba yi a gida. Ƙwan fitila uku, fanka, ƙaramin firiji, sai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki ta taga. Na duba abin da aka rubuta a jikin kowanne na abin da yake sha, na haɗa, na ƙara ɗan kaɗan a sama. Na nufi wani shago kusa da unguwar Dira. Mai shagon ɗan Yaman ne, ya dubi takardar ya girgiza kai.

"Ya Hajji, akwai mukayyif a ciki? Ɗauki wanda ya ninka wannan. Shi mukayyif ba abin da yake ci yana tafiya ake dubawa ba, lokacin tashinsa ne yake fizgar wuta ninki biyu ko uku. Ga zafi kuma, inji ma gajiya yake yi a watan bakwai."

Na yi murmushi. A raina na ce ɗan kasuwa ne, babban yake so ya sayar. Na ce masa tun bai taɓa ganin duhu ba nake tayar da inji. Ya ɗaga hannu ya ce, yadda ka so.

Lokacin sanyi ne muka kai ƙaramin injin gonar. Na ja igiya, ya tashi. Muka kunna komai, mukayyif ya ɗan sa shi tari, ya dawo daidai. Dattijon ya zagaya shi yana kallo.

"Gurub ɗin Kanawa ke nan? Ƙarami, ga surutu. Ya yi kama da mai shi."

Muka yi dariya, ya dafa mana shayi.

Duk Juma'a bayan masallaci nake kai masa fetur da ruwa da cefane. Da zafi ya fara shigowa, sau biyu ina iske mukayyif a kashe, fanka kaɗai ke kaɗa iska mai zafi. Na tambaye shi. Ya ce sanyin ne ke sa masa ciwon gwiwa. Wata Juma'ar ya ce fetur yake tattali. Na ce kafili bai hana ba. Ya ce, "Alhaji, inji na yi, alhamdu lillahi. Ka gode wa Allah ka yi abin kirki sau ɗaya a rayuwarka."

Na karɓi wannan amsar domin ita nake so in ji. Alhali na san mutanenmu. Mutumin da zai zage ka da wasa daga safe har yamma ba zai buɗe baki ya ce abin da ka kawo masa da hannunka bai yi ba, balle kai ka samo masa aikin. Daga baya direban tankar da ke kai wa dabinon ruwa ya gaya mini abin da ke faruwa. Da rana ta take, duk sanda mukayyif ya huta ya zo tashi, sai injin ya shaƙe ya mutu, firiji ya mutu tare da shi. Dattijon ya fita cikin rana ya ja igiya, injin ya sake mutuwa. Sai ya yi abin da ni ma zan yi, abin da duk wanda ya tashi a ƙasashenmu zai yi: ya duba wanne ya fi muhimmanci ya kashe ɗayan. Ya bar wa allurarsa sanyin, shi ya zauna a cikin ƙarfe.

Wata Juma'a a tsakiyar zafi na isa gab da la'asar. Tun daga nesa na ji injin yana tafiya sumul, babu tari, babu shaƙewa, har na ji daɗi. Na yi sallama ina cewa ubangida ya fito ya karɓi kaya. Shiru. Hannun ƙofar ya ƙona ni. Yana kwance a ƙasa kusa da firiji, jikinsa a bushe ba ɗigon gumi, idonsa a buɗe amma bai gane ni ba. Na buɗe firijin neman ruwa, na tarar da shi da sanyi ƙarara, kwalaben allurar a jere.

Kwanansa biyu a asibiti ya rasu. A nan Riyad muka binne shi. Likita ya ce zafi ne, ga shekaru, ga suga. Kafili ya ce kwana ya ƙare. Na yarda da ƙaddara, ban taɓa jayayya da ita ba. Amma takardar ni na rubuta ta, kuma an gaya mini.

Na koma shagon ɗan Yaman ɗin na sayo wanda ya nuna mini tun farko, domin sabon mai gadi. Bai gane ni ba, ni ma ban tuna masa ba. A ranar da aka kai shi na tsaya cikin tsakar rana, na kashe mukayyif na kunna, na kashe na kunna, har sai da sabon mai gadin ya fara kallona.

Idan na je gida hutu yanzu, dangi kan kawo mini takarda in duba musu girman injin da za su saya. Abu biyu nake tambaya: me ke da inji mai juyawa a cikinsa da zai fizgi wuta wajen tashi, kuma wane ne zai zauna a ɗakin idan injin ya gaza. Idan suka ce ai za a lallaɓa, sai in mayar musu da takardarsu.

Da can ƙarar inji mai shaƙewa ce ke tayar mini da hankali, mai tafiya lafiya kuwa in ji sanyi a raina. Tun daga wannan Juma'ar, idan na ji janareta yana tafiya sumul, sai na shiga na ga abin da aka kashe.