Ragon sunan da na kai wa Hajiya

A wancan lokacin ni dillalin riɗi ne mai tashe a Dutsin-Ma. Da buhu biyu a bayan babur na fara, ina bin ƙauyukan Makera da Tamawa, har na kai ga cika tirela. Ban yi boko mai nisa ba, amma na san mutane, kuma ina taƙama da hakan.

Wani kamfanin ƙasar waje ya fara sayen riɗi a wurinmu, ya ɗauki abokina na Kurfi, wanda muka yi karatun allo tare, aikin duba kaya. Shi ke soka buhu ya auna danshi, ya sa hannu ko ya hana. Da na je taya shi murna da shadda, sai ya roƙe ni in koma da ita, ya ce ko goro masu kamfanin ba su yarda ya karɓa ba. Na yi dariya, na tambaye shi ko su a ƙasarsu hannu rabbana ake zumunci.

Shekarar da ruwa ya yi mana latti a kaka, riɗina bai bushe ba, kuma na sani. Ana haka aka yi wa abokin nawa haihuwa. Ban je wurinsa ba, na zaɓi rago mafi girma a kasuwa na kai wa mahaifiyarsa. Na san babu ɗan da zai ce wa uwarsa ta mayar da alheri. Hajiya ta yi ta sa mini albarka, aka yanka, unguwa duk ta ci. Mako na zagayowa na kawo kayana. Ya soka buhu, ya murza riɗin a tafinsa, ya daɗe yana kallona, sannan ya sa hannu.

Kafin kayan su sauka daga jirgi sun yi fumfuna. Kamfanin ya turo bincike, labarin ragon ya fito, aka kori abokina. Na je na ce musu al'adarmu ce. Mai binciken ya tambaye ni ko na taɓa kai wa gidan rago kafin ɗansu ya samu aikin.

Ni na ci gaba da kasuwata, shi ya koma gona a Wurma. Idan muka haɗu a jana'iza yakan ba ni hannu, ya amsa sallama, iyakarta ke nan. Shagona cike yake da mutane, amma babu wanda zan zauna da shi in yi hirar ƙuruciya. Abin da ya fi cina, Hajiya har yau tana aiko mini da gaisuwa, domin bai taɓa gaya mata ba.

Na fahimci cewa kunyarsa na saya, ba zumunci na yi ba. 'Yan'uwana 'yan kasuwa, kafin ku ɗauki kyauta zuwa gidan mai sa muku hannu, ku tambayi kanku ko za ku kai ta ranar da babu biro a hannunsa.