Saukar Ƙanwata a Cikin Dawa

Har yau mutanen ƙauyenmu cewa suke aljanu ne suka yi guɗa a gonarmu. Ba aljanu ba ne, Gwaggo ce.

A daminar bana da 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu ne ƙanwata ta sauke Alƙur'ani. An yi wa allonta zayyana, sai Baba ya ce ba za a yi taron sauka ba, don duk gidan da ya tara jama'a ana kai musu labari cewa akwai abin hannu. Yarinyar ta daina cin abinci.

Ni ba ni da haƙuri. Na ce, "Baba, malamin tarihinmu ya ce lokacin babban yaƙin Turai ana farautar Yahudawa, amma idan yaronsu ya kai shekara sha uku sai su ɓuya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya karanta littafinsu gaban manya da raɗa."

Ya ce, "Duk duniya kin rasa misali sai Yahudawa?"

"Su na samu, Baba."

Inna ta ce, "Mu da ba mu da ɗakin ƙasa fa?"

Dawa muke da ita a gona, ta fi kan mutum tsawo. Da hantsi muka fita ɗaya bayan ɗaya kamar masu zuwa noma. Malaminta ya saɓa fartanya a kan babbar riga, kowa ya gan shi ya san bai taɓa riƙe ta ba. Allon yana cikin buhun taki. Gwaggo, yayar Baba, wadda ba a biki a ƙauyen sai da guɗarta, sai da aka sa ta yi alkawarin yin shiru.

Ƙanwata ta durƙusa a kan kunya ta karanta, murya ƙasa-ƙasa, ba tuntuɓe. Baba ya juya yana duba zangarniya, wai ko tsutsa ta shiga. Malam na shafa fatiha na ga hancin Gwaggo yana rawa.

"Gwaggo, alkawari!"

Ta fizgi tulun ruwanmu ta kafa baki ta rangaɗa a ciki. Abin da ya fito ba na mutum ba ne. Maƙwabcinmu na gona ya yar da garma ya arce, ya bar takalmi ɗaya.

Akwai 'yan mata biyu a islamiyyar su ƙanwata da suka kusa saukewa. Gobe zan je wajen iyayensu mata in yi musu tayin gonarmu, tun kafin a yanke dawar.