Kujerar Baba a Jikin Tukunyar Gas

Jiya sabon manajan gidan burodinmu na unguwar Nasarawa Gwom ya sa aka jefar da wata tsohuwar kujera, wai tana tare hanya. Kujerar Baba ce, marigayi mai gidan.

Ranar da Baba ya raba mu da tanderun itace ya kawo na gas, duk muka ƙi shiga. Ni ban yi boko ba, amma na iya gudu, har tsallaken titi na kai. Bai yi faɗa ba. Ya jawo kujerar nan jikin tukunyar gas, ya kunna da hannunsa, ya zauna yana kurɓar shayi. "Kai, sarkin tsoro," ya ƙwala mini kira, "in ta fashe ni za ta fara ɗauka. Zo ka kwaɓa fulawa!" Muka shiga.

Shi kuwa wannan oga daga Rayfield, unguwar masu kuɗi, yake aiko da canje-canjensa ta waya, ko gumin tanderu bai sani ba. Wai mu tsofaffi ba mu da sauri, ƙarshen wata mu koma gida.

Na tsamo kujerar daga bola. Ni da ita tare aka sallame mu, tare za mu tafi. Allah Ya jiƙan Baba, Ya zaunar da shi inda ba mai tashinsa.