Katin Hoton Ƙanena

Ni na koya wa ƙanena kwamfuta. Ɗan baffana ne, malamin firamare a Malam Madori, ni kuma ina da shagon haɗa bidiyon biki a Haɗeja. Cikin shekara biyu ya koma ɗaukar bidiyon tsuntsaye a dausayin Baturiya, ana ta yabon aikinsa, ni kuwa ina nan da amare da angwaye.

Wata Asabar da hantsi ya shigo shagona rungume da kwamfutarsa, da wani kwali a leda. Wani baƙo mai nazarin tsuntsaye da ya taɓa yi wa rakiya ne ya aiko masa da katin hoto, na'urar da ke sa bidiyo ya tafi sumul ba ya sarƙewa. Na daɗe ina kallon irinsa a waya ina haɗiyar yawu.

"Yaya, duba mini ko zai shiga. Tsoro nake kada in ƙona wani abu."

Na kwance murfin na leƙa madabod, babban allon da komai ke maƙale a jikinsa. Doguwar kafar da ake soka katin tana nan, ba a taɓa amfani da ita ba. Na gwada tsawon katin, akwai wuri har da saura. Na karanta rubutun jikin akwatin wuta, ƙarfinsa ya isa, ga ma igiyar da katin ke buƙata tana reto. Komai ya yi daidai.

Sai na ji bakina ya ce, "Kai, allonka ba zai ɗauka ba."

Ya shafa kwalin.

"To Yaya, ai gara ka sa a taka da ya zauna a ajiye. In aiki ya yi mini nauyi sai in zo nan."

Ko musu bai yi ba, ya ɗaure kwamfutarsa a babur ya tafi.

Ƙarar babur ɗin ba ta gama ɓacewa ba na buɗe tawa. Katin ya fi cikinta tsawo, yana tokarar ƙarfe. Akwatin wutana tsoho ne, ba shi da igiyar. Har zarto na ɗauko, na tsaya da shi a hannu, na ga ko na yanke ƙarfen wutar ba za ta isa ba. Kwana uku katin na kan tebur, in na kalle shi sai raina ya ɓaci.

A na huɗu na ɗauki katin na hau mota zuwa Malam Madori. Na same shi ya taso daga makaranta.

"Ƙarya na yi maka," na ce. "Zai shiga."

Ya kalle ni ya ce, "Na ga yadda kake juya shi a hannu ranar, Yaya. Shigo ciki."

Na soka katin har ya yi ƙas, na haɗa igiyar, muka kunna. Ya buɗe bidiyon agwagin ruwa suna tashi daga cikin ciyawar kacalla, kowane fiffike ana ganinsa tas. Na ce masa ya yi kyau, kuma gaskiya na faɗa, amma na kau da kai daga bidiyon.

Matarsa ta kawo shinkafa da kifi. Na ci kaɗan, na ce rana na yi, na kama hanyar gida.