Zabibin Asiyatu, Ba Zuma

Yatsunta na cikin tire tun rana ba ta gama hawa katangar masallaci ba. Asiyatu takan ɗauki ƙwayar zabibi, ta murza ta tsakanin yatsu biyu, ta cire ɗan tsinken da ke maƙale a gindinta, ta jefa ta gefen dama. Wadda ta yi danƙo ta manne da 'yan'uwanta, gefen hagu take zuwa. Haka take yi kowace safiya a zauren gidanta na Zongo, kafin ta fita da teburinta na dabino da zabibi da kanumfari. Na dama na masu saye ne, na hagu na tukunya.

A tsohon Zongo aka haife ta, can tsakiyar Lome, kafin a tashi mutane a maido su nan arewacin gari. Fatauci ne ya kawo kakanta daga ƙasar Katsina, ya ga teku, ya sauke kaya bai ƙara ɗauka ba. Ita ba ta taɓa ganin Katsina ba. Tana jin Hausa da Mina, da Faransancin da zai ishe ta ciniki da faɗa da ɗan zemijan mai babur ɗin haya. Mijinta, marigayi Ayouba, shi ne mai ɗauko katan-katan na busassun 'ya'yan itace daga hannun dillalai. Iskar Lome kuwa jiƙaƙƙiya ce, ba ta barin busasshen abu ya zauna lafiya. Duk katan ɗin da aka buɗe, sai a tarar na ƙasa ya cure kamar dunƙulen daddawa. Ayouba yakan ce a ba awaki. Asiyatu ta ce awakin ba su taɓa yi mata aikin komai ba. Ta jiƙa, ta daka, ta dafa, ta ƙona gindin tukunya ba adadi, har ran da ta zuba zuma a ƙarshen dahuwa, abin ya yi sheƙi, ya kama jikinsa. 'Yan boko suka ce sunansa konfitir. Sunan ya bi shi.

Da shi aka yaye Zahida, autarta. A tsaga burodi mai ɗumi, a shafa, yarinya ta tafi makaranta tana lasar yatsu. Da ta tafi karatu Faransa, ta gama, ta sami aiki a can, kwalba ta riƙa bin ta. Duk wanda Asiyatu ta ji zai hau jirgi, sai ta same shi har gida da kwalba naɗe cikin tsohon zane. Akwai ranar da ruwan sama ya hana babura fita, ta taka da ƙafa cikin taɓo har ta sami motar da ta kai ta unguwar Hanoukopé, don kada wani matafiyi ya tashi ba saƙonta.

Bana Zahida ta zo hutu. Tun a waya ta gaya wa uwar cewa ta daina cin duk abin da ya fito daga jikin dabba, nama ne ko kifi, ƙwai ne ko nono. Asiyatu ta tambaya ko likita ne ya hana, aka ce a'a. Ta tambaya ko wata sabuwar ɗariƙa ce, aka yi dariya. Ba ta ji daɗi ba, amma ba ta ɗaga hankalinta ba. Wake da shinkafa na nan, koko na nan, miyar kuɓewa ma tana yiwuwa ba kifi. Waɗannan kowa ya iya su. Abin da ta riƙe a ranta shi ne, akwai abu guda nata na kanta wanda ba jini ba ƙashi a cikinsa, kuma shi ne abincin 'yarta tun ba ta da haƙora.

Washegarin isowar Zahida, uwar ta ajiye mata burodi da sabuwar kwalba. Zahida ta ci burodin haka nan. Ta ɗaga kwalbar, ta yaba launinta, ta mayar. Da aka matsa mata, sai ta sunkuyar da kai.

"Mma, akwai zuma a ciki. Ƙudan zuma ma masu rai ne, abincinsu ake ɗebe musu."

"To kwalaben da nake aika miki fa?"

"Maƙwabtana na son su ƙwarai, Mma."

Asiyatu ta jawo kwalbar gabanta. Sannan ta ce ai Allah da kansa ya ambaci zuma a cikin Littafinsa, ya ce akwai waraka a cikinta. Zahida ta ce ba ta ce haram ba ce, halal ce ga duk mai so, ita dai ta bari. Ta faɗi haka a hankali, kamar mai wucewa kusa da wanda ke barci. Sanyin muryar nan ya fi gardama yi wa uwar ciwo, domin ya nuna mata an daɗe ana lallaɓa ta.

Da la'asar Talatu ta shigo, aminiyarta mai sayar da atamfa a kasuwar Agoè-Assiyéyé. Ta ji labari, ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Ta ce ta rayu ta ga 'yar da ke tausayin ƙwaro ta bar uwarta da kwalba a hannu. Shawararta gajera ce: a zuba zuma, a ce babu. Wa zai kai ƙara, ƙudan zuman? Asiyatu ma ta dara, kuma ba ta ɓoye ba, tunanin ya riga Talatu zuwa. Amma sai ta kawo mata labarin Akossiwa, wata maƙwabciyarsu 'yar Ewe tun zamanin tsohon Zongo. Ran bikin ɗanta, matar nan ta je kasuwa ta sayo sabuwar tukunya da sabon ludayi, don ta dafa wa maƙwabtanta Musulmi abincin da bai bi bayan naman alade ba. Da ta dafa a tsohuwar, ba mai sani.

"Ita ma ba ta ga laifin aladen ba," in ji Asiyatu. "Amma ta sayi tukunya."

"To sai ki yi ta yi, sarauniyar taurin kai," in ji Talatu. "In ya ƙi, ki kawo mini, ni ba ni da ƙawa a cikin ƙwari."

Ya kuwa ƙi. Na farko da ta yi da sukari zalla ya fito ruwa-ruwa, yana zamewa daga kan burodi kamar mai gudun gida. Ta ƙara masa wuta, ya daskare ya zama alewa, cokali ya tsaya a tsakiya cak. Ta gwada da dabino, dabino ya danne zabibin har ba a jin muryarsa. Teburinta ya kwana biyu bai fita ba, masu saye suna aiko tambaya ko lafiya. Hayaƙin gawayi ya zauna a tufafinta. A ɗakin ciki kuwa akwatin Zahida ya riga ya buɗe baki a kan gado, domin hutun ya fara ƙarewa. Zahida takan zo bakin murhu ta ce Mma ki bari, wallahi na ƙoshi da wakenki. Uwar takan ce ta matsa, tana tare mata iska.

Ba fushi take yi ba. Ta dai zauna da abin ne yadda ake zama da baƙon da ba a san harshensa ba, ana kallon hannunsa. Ta lura zuma aiki biyu take yi mata: tana ƙara zaƙi, tana kuma riƙe jikin abin. Zaƙi, zabibi na da nasa har da na kyauta. Riƙon ne babu.

Ranar da ta je Assiyéyé ƙaro sukari, ta wuce layin matan arewa masu zuwa da kaya daga wajen Dapaong. A gaban ɗayarsu akwai ƙwarya cike da garin 'ya'yan kuka, fari sol kamar alli. Ta tsaya. Ta tuna kakarta tana dama shi a ruwa, yana yin kauri da kansa ba tare da an ɗora a wuta ba. Ta ɗanɗana, tsamin ya kama gefen harshenta. Ta saya, ta manta da sukarin, sai da ta kai bakin titi ta koma.

Wannan karon ba ta yi gaggawa ba. Ta jiƙa zabibin a ruwan ɗumi har suka kumbura, kamar sun tuna cewa su inabi ne a wata ƙasa mai nisa. Ta daka rabi a turmi, ta bar rabi da jikinsu. Ta dama garin kukar, ta tace a farin ƙyalle. Ta rage gawayi har ya zama ja kawai ba harshe. Ta zauna kan kujerar tsugunno tana juyawa da muciya, tukunya na fitar da numfashi a hankali, ƙamshi na bin zaure yana fita har lungu. Sukari kaɗan. Ruwan kukar ya shiga a hankali, tana zubawa tana kallo. Daga ƙarshe ta matsa lemun tsami. Ta ɗiga a faranti mai sanyi, ta karkata shi. Ɗigon ya yi tafiya kaɗan, ya yi tunani, ya tsaya.

Ba shi da sheƙin wancan. Launinsa ya fi duhu, kamar ƙasar da aka yi wa yayyafi. Da ta sa a baki ta ji baƙon abu, zaƙi a gaba, tsami a baya yana bin sa. Ta ɗan zauna da cokali a hannu, ba ta san ko nasara ba ce ko wata sabuwar ɓarna. Ta rufe tukunya ta bar shi ya huce.

Da safe ta ɗebo a ƙaramin kwano, ta shiga ɗakin Zahida da burodi. Ta ajiye a kan tabarma, ta tsaya a tsaye, ta lissafa mata abin da ke ciki kamar mai ba da shaida gaban alƙali: zabibi, ruwa, sukari, kuka, lemun tsami. Ta ce bayan waɗannan ba komai, Allah na gani.

Zahida ta tsaga burodi, ta shafa, ta ci. Ta daɗe tana taunawa. Ta sake tsagawa, wannan karon ta shafa da kauri.

"Ba irin na da ba ne, Mma."

"Na sani. Ci."

Ta ci. Burodi ya ƙare, ta sa yatsa ta share gefen kwanon, ta tambaya ko da saura. Asiyatu ta ce da saura, amma lemun ya yi yawa, na gaba zai fi wannan, kuma kafin a rufe akwatin nan sai ta yi na gaban. Ta karɓi kwanon daga hannun 'yarta, ta gyara ɗaurin zanenta, ta ɗaga labule ta fita.