Sunan Kawu a Takarduna

Har yanzu idan na ga an ɗora takardu a kan tebur ana jera su ɗaya bayan ɗaya, sai in tuna da nawa. Ga duk yarinyar da ke son karanta shari'a, shawarata ɗaya ce: kafin ki sayi katin jarrabawar shiga jami'a, ki kwaso takardunki kaf, tun daga ta firamare, ki duba ko sunan uba ɗaya ne a kansu. Ni ban duba ba.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma a danginmu iyaye ba sa riƙe ɗan fari, ba sa ma kiran sunansa. Ana yaye ni aka kai ni Keana wurin kawuna, yayan mahaifiyata, inda matarsa ke dafa gishiri. Shi ya kai ni firamare. Da malami ya tambayi sunan uba, sai ya faɗi nasa, don shi ke tsaye a wurin. Da sunan na gama sakandare, da shi na rubuta jarrabawa. Takardar haihuwa kuwa da ta shaidar ƙaramar hukuma, da aka karɓo mini a Lafiya bayan na dawo gida, sunan Baba ke kansu. Ban taɓa ganin abin damuwa ba, tunda kowa a unguwa ya san 'yar waye ni.

Da sunana ya fito a sashen shari'a, na tafi tantancewa da fayil ɗina sabo. Matar da ke kan tebur ta jera takardun, ta dubi wannan ta dubi waccan, sannan ta cire tabarau.

"Yarinya, babanki guda nawa?"

Layi ya fashe da dariya. Na ce ɗaya ne.

"To takardar nan ta wa kika ɗauko? Ko wata ce ta zauna miki jarrabawa?"

Na fara bayanin riƙo, Turancin ya gudu ya bar ni. Ta ture fayil ɗin gefe, kan na wani yaro da aka ce 'yan sanda sun tafi da shi da safe saboda sakamakon bogi. Ta ce ko an ƙyale ni yanzu, makarantar horar da lauyoyi ba za ta ƙyale ni ba, can ma sai an sake bincike. Ta ce in kawo rantsuwar kotu daga bakin uban da ya haife ni kafin a rufe rajista, in ba haka ba a ba wani gurbin.

A mota har Lafiya ban iya shan ko ruwa ba. Kotun ba ta dame ni sosai ba, Baba nake tsoro. Mutumin da tun da nake bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "waccan". In baƙo ya tambaye shi ni, cewa yake 'yar mutanen Keana ce. Yaya zan ce ya tsaya gaban jama'a ya ce tasa ce?

Inna na faɗa wa, ita ma ta kau da kai ta ce ba ruwanta, in je in sami ubana. Na durƙusa a bakin ƙofarsa na yi bayani ina kallon tabarma. Sai ya ce:

"Kawun naki ba zai iya ba?"

"Sun ce wanda ya haifa, Baba."

Washegari ya sa babbar riga. Ya hau acaba ɗaya, na hau wani, don ba zai haɗa hanya da ni ba. A ofishin rantsuwa akawun ya buga takardar, ya miƙa masa Alƙur'ani, ya ce, "Alhaji, wannan yarinyar mece ce a wurinka?"

Baba ya dubi bango. Mutane na jira a bayanmu, wani har ya yi tsaki. Na dafa benci. Na riga na ga kaina na koma Keana ina tace ruwan gishiri.

"Alhaji, sai ka faɗa da bakinka fa. Ba ni zan rantse ba."

"'Yata ce," in ji Baba, a hankali. Akawun ya ce da sunanta. Ya faɗa. Ban taɓa jin sunana da muryarsa ba, har na waiga kamar wata ake kira.

An karɓi takardar, an yi mini rajista. Matar ta ce in adana ta da kyau, don za a sake nema a gaba, wataƙila ma a ce a sabunta. Na sa ta cikin leda a ƙasan akwati, kuma nakan buɗe in taɓa in ji tana nan. Baba ya koma kirana "ke". Abin da ke hana ni sukuni shi ne ranar da za a ce in sake kawo shi.